GYARAN KULOCIN TSOFAFFIN MANYAN MOTOCI: A DAINA YI DA KA

Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, ko kuwa kasuwar shanu ta Potiskum, ya lura da motocin da ake yi wa lodi, zai ga cewa da yawa daga cikinsu sun girme wa direbobin da ke tuƙa su. Tsofaffin motocin Mercedes-Benz masu gajeren hanci, waɗanda aka fi sani da 911, da sauran sa'o'insu, su ne har yau suke shiga ƙauyukan da sabuwar tirela ba ta iya shiga, su kwaso masara da dawa da albasa su fito da su bakin titi. Saboda haka lafiyar waɗannan motoci ba maganar direba da maigidansa ba ce kaɗai, magana ce da ta shafi tukunyar kowane gida da kuma ran duk mai bin hanya.

Abin da wannan jarida take so ta jawo hankalin hukuma da jama'a a kansa yau shi ne wani ɓangare na waɗannan motoci wanda ba a cika kula da shi ba, wato ƙarafan da ke haɗa fedar kuloci da shi kulocin kansa, da kuma yadda ake musanya su da kayan gyaran da ba na kamfanin da ya ƙera motar ba. Ƙarafa ne ƙanana, masu araha idan an kwatanta su da inji ko akwatin giya, amma da su ne direba yake mallakar motarsa.

Domin amfanin waɗanda ba su san sha'anin mota ba, kuloci shi ne ke haɗa ƙarfin inji da akwatin giya, shi ne kuma ke raba su. Idan direba ya taka feda, ƙarfin ƙafarsa yakan bi ta wata sandar ƙarfe zuwa wani ƙarfe da ke kwance tsakanin jikin mota da inji yana juyawa, daga nan ya isa ga wani ƙarfe mai baki biyu, shi kuma ya tura boris, boris ya danne yatsun murfin kuloci, sannan faifan kuloci ya saki. A lokacin nan ne giya take shiga salin alin. A wasu motocin kuma ruwa ne yake ɗaukar wannan saƙo, daga ƙaramin famfo na sama da ke jikin feda zuwa na ƙasa da ke jikin akwatin giya, wasu manyan ma har da taimakon iska. Ko ta wace hanya ce, ƙa'idar ɗaya ce: an auna tsawon kowane ƙarfe, da inda aka huda shi, da faɗin kowane famfo, yadda tafiyar feda mai tsawo za ta koma ɗan motsi ƙanƙane mai ƙarfi a wurin boris. Wanda ya taɓa awo ɗaya ya taɓa sauran duka.

To, me ya sa ake musanya su da waɗanda ba na asali ba? Amsar tana cikin tarihin ƙasar nan. A shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, Gwamnatin Tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun harhaɗa manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, da kuma Mercedes-Benz a Enugu, wadda aka buɗe a 1980. A wancan zamani naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja, dillalan kamfanoni kuma suna ajiye kayan gyara da littafin da ke nuna lambar kowane ƙarfe. Da farashin man fetur ya faɗi, aka shiga shirin gyaran tattalin arziki na 1986, sai naira ta karye, sayen sabuwar mota ya gagari mafi yawan masu sufuri, masana'antun nan kuma suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A can Turai ma al'amura sun sauya. Kamfanin Bedford na Ingila ya daina ƙera manyan motoci tun ƙarshen shekarun 1980, Leyland ya haɗe da DAF a 1987, ita kuwa Mercedes mai gajeren hanci, wadda aka fara ƙerawa a 1959, an daina yin ta a tsakiyar shekarun 1990. A 2024 sai da dala ɗaya ta haura naira 1,000. Mai motar da ke neman sandar kuloci ta asali a yau, sau da yawa yana neman abin da ko dai an daina yi ne, ko kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfin abin da motar ke samowa a wata guda.

Da yake haka lamarin yake, dole mai mota ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ya aika Ladipo a Legas ko Nkpor kusa da Onitsha. Abin da zai tarar a can iri huɗu ne. Akwai na gwanjo, wanda aka kwance daga jikin wata motar. Akwai sabo na wani kamfani mai suna da adireshi, wanda ya ƙera shi bisa awon na asali, irin waɗanda ake shigowa da su daga ƙasashen Asiya da Turai, ko waɗanda masu masana'antu na Nnewi suka fara yi tun shekarun 1980. Akwai wanda maƙeri ko mai injin sassaƙa ƙarfe zai yi nan take yana duban tsohon. Sannan akwai jabu, wanda aka lulluɓe da kwalin wani kamfani alhali kuwa kamfanin bai san da shi ba.

Ya kamata a yi adalci a nan. Kayan da ba na kamfanin asali ba, ba dukansu ne miyagu ba. Shi kansa kamfanin mota ba shi yake ƙera duk abin da ke jikin motarsa ba, sayowa yake yi daga wasu masana'antu, kuma waɗannan masana'antu sukan sayar da kaya iri ɗaya da sunansu a kasuwa. Ba don irin waɗannan kaya ba, da kuma basirar makanikan ƙasar nan, da tuni rabin hatsin ƙauye ya ruɓe a gona. Wannan jarida ba ta goyon bayan masu cewa a hana su baki ɗaya. Matsayinta shi ne, babbar ɓarnar tana faruwa ne a wajen ɗaurawa, lokacin da aka sayo ƙarfe don ya yi kama da tsohon a ido, aka ga bai zauna ba, aka sa guduma da walda aka tilasta masa zama, sannan aka sallami mota ba tare da an auna komai ba.

Misali na farko shi ne sararin feda. A motar da kulocinta ke aiki da sanduna, dole ne feda ta yi ɗan tafiya babu nauyi kafin ta fara aiki, galibi kamar inci ɗaya, wato santimita biyu zuwa uku, ko da yake littafin kowace mota shi ne mai yanke hukunci. Wannan sarari shi ne shaidar cewa boris ba ya taɓa yatsun murfi idan an ɗaga ƙafa. Idan sabuwar sanda ta cinye sararin, boris zai riƙa juyawa ba hutu har ya lalace, faifai kuma ba zai kama sosai ba, sai ya riƙa zamewa a ƙarƙashin lodi yana ƙonewa. Idan kuwa sararin ya yi yawa, ko direba ya taka har ƙasa faifai ba zai saki gaba ɗaya ba, giya ta riƙa ƙara tana ƙin shiga, mota ta riƙa jan jiki gaba alhali ana so ta tsaya. Bugu da ƙari, a yawancin irin waɗannan motoci sararin raguwa yake yi a hankali yayin da faifai ke cinyewa, don haka saitin da aka yi yau yana bukatar a sake duba shi nan gaba.

Misali na biyu shi ne tsawon hannun ƙarfen nan mai juyawa da inda aka huda shi. Bambancin da bai kai faɗin yatsa ba a wurin hudar yana iya sauya nisan da boris ke tafiya. Idan tafiyar ta gaza, kuloci ba zai saki ba. Idan ta zarce, ana iya danne yatsun murfi fiye da kima har su lanƙwashe, feda kuma ta yi tauri ta gajiyar da ƙafar direban da zai kwana yana tuƙi. Haka abin yake ga famfunan ruwa. Famfon sama da ya fi na asali faɗi zai tura ruwa fiye da bukata da feda mai nauyi, wanda ya gaza kuma ba zai tura isasshe ba, amma a waje duk kamarsu ɗaya. Akwai kuma maganar ruwan da ake zubawa. Famfon da aka yi domin man birki, idan aka zuba masa man inji ko wani mai irinsa, robobinsa za su kumbura su lalace, feda ta faɗi ƙasa wata rana ba sallama.

Misali na uku ya shafi asalin motocin. Tsofaffin motocin Ingila an yi notukansu bisa awon inci, na Jamus da Italiya kuwa bisa awon milimita. Noti na wannan yana iya hawa kan sandar wancan zagaye biyu ko uku, mai gaggawa ya ɗauka ya kama, ya sa sifana ya matse, alhali haƙoran sun riga sun cinye juna. Haka kuma, tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama cikin Afrilun 1972, motocin da ake shigowa da su na hannu daga Ingila sai an juya musu sitiyari da fedoji zuwa hagu. Wannan juyi yakan bar sanduna da bututu waɗanda babu su a littafin kowane kamfani. Motar da aka sauya wa inji ko akwatin giya da na wata ita ma haka take. Mai sayen kayan gyara ga irin wannan mota, ko lambar jikinta ba za ta wadace shi ba, sai ya san tarihin abin da aka yi mata.

Sai kuma ƙananan abubuwa da aka raina. Ƙusa da ake lanƙwasawa a madadin ɗan fin da ke hana sanda zarewa. Wayar ɗaure kaya a madadin sifirin mai dawo da feda. Sanda biyu da aka haɗa da walda don ta kai tsawo, wadda a wurin haɗin nan ne take karyewa bayan an taka ta sau dubbai. Robobin da inji ke zaune a kansu, waɗanda idan sun mutu inji yakan karkata ya jirkita duk saitin da aka yi, amma ba wanda ya dube su saboda maganar kuloci aka zo yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zai ce ai kuloci ba birki ba ne, idan ya lalace mota tsayawa kawai za ta yi. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa gangara Hawan Kibo da lodi ba. Babbar mota ba da birki kaɗai take sauka daga tudu ba, da giya take sauka, domin inji shi ke riƙe nauyinta. Idan direba ya cire giya zai sa ƙarama, sai sanda ta zare ko kuloci ya ƙi saki, to, mota ta koma firi ke nan a tsakiyar gangara, duk nauyinta ya koma kan birki. Birkin tsofaffin motoci kuwa idan ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake yi. Abin da ke biyo baya kowa ya sani, kuma idan aka zo ba da labari sai a ce birki ne ya tsinke, ba wanda zai koma ya nemi ƙusar da ta fice. Haka nan motar da kulocinta ba ya saki tana iya zabura a tsakiyar kasuwa ko tasha, inda yaran mota da 'yan dako da masu talla suke kewaye da ita. Motar da ta mutu a tsakiyar titi da dare babu fitila, an sa mata ganye a baya, ita ma tarko ce ga duk wanda ya taho.

Ta fuskar dukiya ma arahar nan ba ta ado. Sandar da aka ɗaura ba bisa awo ba takan ƙone faifai, shi kuwa faifai ba a sauya shi sai an sauke akwatin giya, aikin da ke cin kuɗi da kwanaki. Idan a hanya abin ya faru, tumatir ya ruɓe, shanu su galabaita, mai kaya ya yi asara, a ƙarshe kuma mai saye a kasuwa shi zai biya.

Akwai masu ganin cewa maganin duk wannan shi ne a kawar da tsofaffin motoci daga hanya. Babu shakka ranar hakan tana zuwa, amma wanda ya ce a yi shi gobe sai ya nuna motocin da za su maye gurbinsu da kuɗin da za a saye su. Kafin nan, abin da hankali zai ɗauka shi ne a tsare lafiyar waɗanda ake da su. Wannan kuwa aiki ne da ke da masu shi, domin ƙasar nan ba ta rasa hukumomi ba.

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, wadda aka kafa tun 1971, tana da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su tun daga ƙasar da aka yi su. Ya kamata ta ɗauki sanduna da famfunan kuloci a sahu ɗaya da kayan birki da taya, ta tilasta a rubuta a jikin kowane kwali sunan wanda ya ƙera, da ƙasarsa, da motocin da kayan ya dace da su, da awonsa, da irin man da famfo ke sha. Ɗan kasuwar da ya sayar da kaya da sunansa na gaskiya a bar shi ya ci halalinsa. Wanda ya lulluɓe jabu da sunan wani kuwa a hukunta shi, a kuma bi sawu har zuwa ga wanda ya shigo da kwantenar, maimakon a tsaya kan mai ƙaramin shago.

Hukumar raya masana'antar motoci ta ƙasa, NADDC, wadda aka kafa a 2014, tana da aikin horar da makanikai. Ƙaramin aiki mai babban amfani da za ta iya yi shi ne ta tattara awon kulocin tsofaffin motocin da suka fi yawa a hanya, ta buga shi a takarda ɗaya da Hausa da sauran harsunan ƙasa, da zane, a manna a kowane gareji. Gwamnatocin jihohi kuma su buɗe kwalejojin fasaha da yamma domin makanikai da yaransu su koyi karanta awo, a ba su takardar shaida. Makanikin ƙasar nan ba basira ya rasa ba, littafi da ma'auni ya rasa.

Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fito da tsari a 2007 na sa ido kan masu motoci biyar ko fiye. Amma da yawa daga tsofaffin motocin nan na mutum ɗaya ne mai mota ɗaya ko biyu, don haka nauyin ya koma kan jami'an duba lafiyar mota na jihohi. Takardar lafiyar mota da ake bayarwa ba tare da an leƙa ƙarƙashinta ba, rasit ce kawai ta karɓar kuɗi. Duba sararin feda, da fin, da alamar walda a jikin sanda, da yoyon mai, ba zai ci minti goma ba. Ya kamata kuma idan haɗari ya auku a riƙa bincika waɗannan ƙarafa kafin a rubuta cewa birki ne.

Ƙungiyoyin masu motoci da na direbobi da na makanikai su ma suna da nasu rabon, kuma sun fi hukuma kusa da matsalar. Su ne za su iya sa doka a tsakaninsu cewa ba a sayen kaya sai an tafi da tsohon an auna su gefe da gefe, ba a haɗa sandar kuloci da walda sai don a fitar da mota daga daji zuwa gareji mafi kusa, ba a kuma sallamar mota sai an saita feda an gwada ta da lodi. Su ne kuma za su iya sa 'yan kasuwa su riƙa ba da rasit su karɓi kayan da bai dace ba, domin tsoron asarar kuɗin da aka riga aka biya shi ne ke sa a ce wa makanike ya yi dabara.

Daga ƙarshe, kira ga masu motoci. Direban da ya zo ya ce giya tana ƙara, ko feda ta sauya, ba neman kuɗin cefane yake yi ba, gargaɗi ya kawo. Maigidan da ya ce masa ya je ya dawo tukuna, ya sani cewa amanar ran direba da yaransa da ta mutanen hanya tana wuyansa. Shi ma direba ya tuna cewa ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya yana kashe boris da faifai ko da na asali ne, kuma giyar gangara tun daga saman tudu ake sa ta.

Tsofaffin motocin nan sun yi wa ƙasa hidima shekaru masu yawa, kuma da alama za su ƙara wasu. Ba a nemi mai su ya sayi abin da babu shi a kasuwa ba. Abin da aka nema shi ne a san abin da aka saya, a auna kafin a ɗaura, a sake aunawa bayan an ɗaura, hukuma kuma ta tsaya ta ga an yi hakan. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya.